Ina son kafa rundunar ƙananan sojojin tebur amma jika 25 ce gare ni, ta ina zan fara?

Ɗan_Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou nan Damagaram, kusan wata 6 kenan ina kallon bidiyon wasan yaƙi na tebur, wannan da ake jera ƙananan sojojin roba da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, a yi musu fenti da hannu, a auna tafiyarsu da abin awo, a jefa ɗan lido a ga wa ya harbi wa. Wallahi abin ya shiga raina sosai, har konekson ɗina duk can yake ƙarewa. Wanda na fi gani shi ne Warhammer 40,000, sai na je na duba kuɗin kwali ɗaya da suke ce ma Combat Patrol, wai na masu farawa ne, na tarar ya haura yuro 100, yuro ɗaya kuma sefa 656 ne, kun ga sama da jika 65 kenan tun ba a yi maganar kuɗin aikowa da duwan da fenti da burushi ba. Ni kuma abin da na tara daga gyaran waya da nake yi lokacin hutu jika 25 ne cif. Shin akwai hanyar da mutum zai fara da wannan ko in haƙura sai na gama karatu? Kuma ko akwai mai yin wasan nan a Zinder?

Malam_Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka haƙura, amma tambayarka ta ƙarshe ita ce ta farko. Da wa za ka buga? A Turai mutum runduna ɗaya yake saye saboda in ya je shagon wasan zai tarar da mutum goma kowa da tasa, mu nan babu wannan, in ka zuba jika 25 ɗinka duka a runduna ɗaya to a kan kabad za ta zauna tana shan ƙura. Dole kai ne za ka kawo ɓangare biyu, naka da na abokin gaba, ka kai fada da dare wajen shan shayi ka ce ma abokinka zauna ga taka. Saboda haka lissafinka ya zama ƙananan runduna biyu, ba babba ɗaya ba.

Sannan ka sani Warhammer ba shi kaɗai ne wasan ba, na kamfani ɗaya ne kawai, Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, sun fitar da Warhammer a 1983, na 40,000 ɗin kuma a 1987, su suka fi kowa talla shi ya sa su kake ta gani. Akwai dokokin wasa da aka yi su musamman dan mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ni na fara da shi ana ce mishi DBA, ya fito a 1990, kowace runduna ƙungiya 12 ce kacal, kowace ƙungiya soja biyu zuwa huɗu ne galibi a liƙe kan ɗan kwali, fagen kuma santimita 60 ta kowane gefe ya isa, ko kan teburin mai shayi za a buga, cikin awa ɗaya an gama. Runduna guda ba ta kai soja 50 ba. To su kamfanoni irin Italeri da Zvezda da HaT suna yin sojojin roba masu girman 1/72, tsawonsu santimita 2 da 'yan kai, kwalin dakaru ɗaya yakan zo da soja 40 ko fiye kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan da ka gani ba. Kwali biyu ka sami rundunarka biyu.

Kuma bari in faɗa maka abin da ya fi min daɗi a harkar nan. Kai da kake Birni, kullum kana wucewa ta ƙofar fadar sarki, me zai sa sai sojojin sararin samaniya? Sarki Tanimun da ya rasu a 1884 yana da dawakin lifidi, yana da 'yan sulke, 'yan baka, 'yan bindiga, har igwa aka ƙera mishi a garin nan. Ga yaƙe-yaƙen Damagaram da Kano zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ga yaƙin Tirmini a 1899 da Faransawa suka zo bayan an kashe hafsansu Kazamaju a 1898. Ni Larabawan zamanin da na 1/72 na samu, masu rawani da mashi da garkuwa, na naɗa ma dawakin ƙyallen takardar goge hannu da na jiƙa da farin kol ɗin kafinta, da ya bushe ya yi tauri na zana mishi ja da rawaya gida-gida kamar lifidin da ake gani ranar hawan salla. Ranar da na kai su fada wani dattijo da ke wucewa tsayawa ya yi ya ɗauki doki ɗaya ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce kwalkwalin ya rasa gashin jimina. Washegari sai da na sa.

Bachir_Lyon ya amsa:

Malam ina gaisuwa, duk abin da kuka faɗa gaskiya ne amma a wuri ɗaya ban bi ku ba. Yaron nan Warhammer ya gani ya so, in aka ce mishi ya je ya yi tarihi alhali ransa na wajen wancan, wata biyu zai ajiye burushin. Abin da mutum ke sha'awar kallo shi yake iya zama awa uku yana ma fenti.

Ɗan'uwa akwai hanya. Kar ka kalli babban wasan da ake bugawa kan tebur mai inci 44 da 60, ka kalli Kill Team, duniyar ɗaya ce amma kowane ɓangare kamar soja 10 ne. Ko kuma One Page Rules, suna da doka mai suna Grimdark Future da ƙaramarta Firefight, ainihin dokokin kyauta ne a intanet ka sauke ka kai wajen mai fotokopi, kuma ba ruwansu da wane kamfani ya yi sojanka. Sannan kar ka sayi sabo. Nan Faransa mutane da yawa suna sayen kwali su haɗa rabi su gaji su sa a shafukan saye da sayarwa na intanet irin Leboncoin ko Vinted ko eBay, wanda aka ma fenti mara kyau shi ya fi araha dan ba mai so, kai kuma shi kake nema, ka jiƙa shi cikin alkol isopropilik ya kwana ka goge da tsohon burushin haƙori ya dawo sabo. Amma kar ka kuskura ka sa asetan ko tina ko esans, robar narkewa za ta yi a hannunka.

Inda matsalar take shi ne isowa. Na taɓa aika ma ƙanena ɗan kwali ta hanyar aike, wata uku bai je ba, da ya je an buɗe an maida ba daidai ba bindigogi duk sun karye, abin da ya biya wajen karɓa ya kusa kuɗin kayan. Tun lokacin sai dai in ba mai tahowa hannu da hannu. Soja 20 cikin gwangwanin madara da auduga ba su da nauyin komai. Ka nemi ɗalibi ko ɗan'uwa da zai zo hutu Yamai, daga can a sa maka a bus. Ni insha Allah ina zuwa bayan jarabawa, in ka yanke shawara ka yi min magana ta ciki.

Yar_Sabongari ta amsa:

Ni ba na buga wasan amma ni nake ma yayana fentin nashi dan zane nake yi, to bari in yi magana kan wannan ɓangaren dan a nan kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Fentin Citadel, na kamfanin Warhammer ɗin, ɗan kwalba mililita 12 ne, in ka ce sai ka tara kala 15 kamar na masu bidiyo jika 25 ɗin ba za ta ishe ka fentin kaɗai ba. Fentin akirilik na 'yan zane da ake samu wajen masu sayar da kayan lekol ya isa, in ba a samu nan ba masu zuwa Kano suna kawowa. Fari, baƙi, ja, shuɗi, rawaya, ruwan ƙasa, sai ɗaya mai ruwan azurfa dan takobi da kan mashi, sauran duk haɗawa ake. Fentin gwash kam kar ka saya, yana bin hannu da zufa ta taɓa shi. Sirrin kawai ka tsinka shi da ruwa ya zama kamar madara ka shafa sau biyu ko uku, in ka lafta da kauri fuskar sojan ɓacewa take.

Abin da masu bidiyo ba za su gaya maka ba shi ne zafinmu. Watan Afrilu da Mayu in ka ɗiga fenti kan faranti kafin ka wanke burushi ya bushe. Sai ka sami roba mai murfi marar zurfi, ka shimfiɗa soso ko tsumma mai ruwa, ka ɗora takardar gashin kek a kai, a kanta za ka riƙa ɗiga fentin, danshi na hawowa daga ƙasa, ni nawa yana kwana biyu in na rufe na ajiye gindin randa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, da ka gama shafa ka kife kwano a kai.

In na 1/72 ɗin da Malam ya faɗa ka saya, robarsu mai laushi ce kuma tana zuwa da maiƙo daga masana'anta, ka fara wanke su da omo da ruwan ɗumi, su bushe, ka shafa musu farin kol da aka tsinka kafin fenti, in ba haka ba mashin na lanƙwasawa fentin zai ɓare. Gindin da za su tsaya a kai ka je wajen masu gyaran moto ka sayi rondel, ɗan faifan ƙarfen nan mai huji a tsakiya, nauyinsa na hana su faɗuwa in iska ta taso, ka shafa kol ka barbaɗa yashi da ka tankaɗe da rariya. Mu yashi kyauta muke da shi, su can saye suke a leda. Duwatsu kuma ka tsinci tsakuwa masu santsi ka jera sun zama duwatsun Birni, gidaje da ganuwa kwali da laka da ɗan kol. Abin awo ka karɓi na tela, gefe ɗaya santimita gefe ɗaya inci, dan yawancin dokokin nan da inci suke lissafi.

Abban_Fatima ya amsa:

Ƙanena ni abu biyu zan ƙara. Na farko ka yi tunanin gida tun kafin ka kashe ko dala, dan akwai gidajen da in aka ga mutum-mutumi a ɗaki ko aka ji ƙarar ɗan lido magana za ta tashi, ni mahaifina bai yarda ba ko kaɗan kuma ban yi jayayya da shi ba. Ka tambayi malaminka da iyayenka ka ji. In ya zama akwai damuwa wasan bai mutu ba, asalin abin ma ba da mutum-mutumi aka fara ba, wanda wani hafsan Furusiya mai suna Reisswitz ya gabatar ma sojojinsu a 1824 da 'yan guntaye masu kusurwa huɗu ake yi, ja da shuɗi, a kan taswira. Ni wajen kafintan unguwarmu na kwashi ragowar katako ya yanka min guda 24 daidai wa daida, na zana ma kowane alamar mashi ko baka ko kofaton doki, dokokin DBA ɗin nan suna tafiya a kansu lafiya lau tunda faɗin gindin ake aunawa ba sojan ba. Ko da babu wata damuwa a gida ma ina ganin da wannan ya kamata ka fara, jika ɗaya ba za ta ƙare ba, ka buga sau biyar ka ga ko abokanka za su dawo da kansu su ce a sake.

Na biyu, za ka ji wani ya ce ka narka darmar tsohon batirin mota ka zuba naka sojojin. Dan Allah kar ka yi. Darma guba ce, hayaƙinta da ƙurarta suna taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana, ba mu manta yaran da gubar darma ta kashe a Zamfara a 2010 ba.

Ɗan_Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban zaci zan sami amsa haka ba. Malam maganar lifidin nan ta hana ni barci jiya, amma yaya Bachir ma ya gano ni, ina son na sararin samaniyar har yanzu. Abin da na yanke, yau da yamma zan je wajen kafinta kamar yadda Abban Fatima ya ce, na riga na yi ma Baba magana ya ce in kawo ya gani tukuna. Abokaina biyu sun ce za su gwada daren Juma'a. In sun dawo sati na biyu to jika 15 ta tafi kwali biyu na 1/72, jika 5 fenti da burushi da kol, sauran 5 in riƙe dan kuɗin bus daga Yamai, Kill Team kuma sai hutu mai zuwa in na ƙara tarawa. Yaya Bachir zan turo maka saƙo. Anti ta Sabongari takardar kek ɗin nan a wane shago kike samu, dan ranar Alhamis na zaga kasuwar Dole ban san ma da wane suna zan tambaye ta ba. Malam kuma in ba damuwa ina son in zo in ga dawakin da idona kafin in taɓa nawa, wace rana kuke fada?