Wane suna za mu ba wa allium da Hausa?

'Yan'uwa masu aikin furanni a Legas, ku matso mu warware wata magana. Akwai furen da masu gida a Ikoyi da Lekki ke gani a hotunan lambunan Ingila da Holan, su miƙo wa mai kula da lambu waya su ce a samo musu irinsa. Dogon kara ne tsaye cak, a samansa dunƙulen ƙananan furanni shunayya, sai ka ce an kafa ƙwallo a kan sanda. Turawa na ce masa allium. Mu ba mu da sunansa, alhali ɗan gida ne.

Allium sunan dangi ne sukutum. A harshen Latin tafarnuwa yake nufi, kuma da shi masanin tsirrai Carl Linnaeus ya yi wa dangin rajista a 1753. Albasar da ake saukewa buhu-buhu a kasuwar Mile 12 daga Aliero da Sakkwato tana ciki, tafarnuwa ma haka. Wanda muke magana a kai ɗan'uwansu ne da ake shukawa don kyan furensa kawai. Ka murza ganyensa ka shinshina, warin albasa za ka ji.

Sunan da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "furen albasa". Na kai wa wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 sunan da hoton furen a waya, ya karɓi wayar ya duba da kyau, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, furen albasa ai mun san shi. Idan manomi na son iri, sai ya mayar da kan albasa ƙasa lokacin sanyi, ta fitar da kara mai rami a ciki, ta yi fure fari a dunƙule, ya bushe a kakkaɓe baƙin iri. Ka ce wa manomi furen albasa, wannan zai kawo maka." Gaskiyar Baba ce. Sunan yana da mai shi.

Wata Hajiya ta kawo "albasar Turawa". Ban yarda ba, domin Turawa sayar da shi suke yi, asalinsa ba nasu ba ne. Allium giganteum, wanda kararsa ke kai mita 1.5, daga tsaunukan tsakiyar Asiya ya fito. Allium christophii mai faffaɗan kai kuwa ɗan yankin Iran da Turkmenistan ne. Masu son a ce "aliyam" su ma na ji su, amma kalmar ba ta gaya wa mai lambu komai.

Saura biyu: "albasar ado" da "albasar kwalliya" a gefe guda, "albasar kallo" a ɗaya gefen. Ado da kwalliya sun fi karkata ga jikin mutum, har wani zai zaci abin shafawa ne. Kallo kuwa tuni muna cewa furen kallo, ga kuma tsohon tsarin da ya ba mu albasar kura da albasar kwaɗi na daji. Akwai albasar miya, akwai albasar kallo. Ni a nan na tsaya.

Abin da ya sa na nace sai kalmar albasa ta fito a sunan shi ne tana ɗauke da rabin ilimin shukar. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san albasa ba ta shiri da ƙasa mai riƙe ruwa, ruɓewa take yi. Ta kallon ma haka. A Turai ana binne kawunanta tsakanin Satumba da Nuwamba, zurfin ramin kamar ninki uku na tsayin kan, ta kwana a ƙasa duk tsawon sanyi, sannan ta yi fure a Mayu zuwa Yuni. Wannan sanyin shi ke tayar da furen. Lawashinta kan fara yin ɗorawa tun furen bai gama buɗewa ba, shi ya sa ake cusa ta tsakanin wasu tsirrai su rufe mata ƙafa. Ƙudan zuma na rububinta, ɓeraye kuwa warin ke korar su.

Legas ba ta da irin wannan sanyi ko da hunturu, ga damshi ga ruwan sama. Don haka idan maigida ya ce a yo odar kawunan daga waje, ka gaya masa gaskiya tun kuɗinsa bai fita ba: "Ranka ya daɗe, albasar kallo ce, sai ƙasa mai sanyi." In dai kyan ne yake so a falo, busasshen kanta na daɗewa a tukunyar fure ba tare da ya lalace ba.

Mutanen Jos da Gembu, ku da kuke da sanyi, in akwai wanda ya taɓa gwada ta a wajenku ya ba mu labarin yadda ta yi.