Neman takardun shari'a a Saudiyya: abin da aka faɗa a zamanmu na Jidda

Bayan isha'i hira ta kai mu kan wani direba da ya yi ƙarar kafilinsa saboda albashi, aka yi hukunci, takardar ta ɓace masa wajen tashi daga gida. Dattijon cikinmu ya ce masa: "Ɗana, daina zaryar kotu, duba wayarka."

Shawarar da kowa ya yarda da ita ita ce Najiz, manhajar Ma'aikatar Shari'a. Da lambar iƙama (katin izinin zama a ƙasar) ake shiga, sai Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ta turo lamba ka tabbatar. A ciki za ka ga ƙararka, ranakun zama, da sakki, wato takardar hukunci, ka sauke. Wanda ya yi shari'a da hukumar gwamnati kuwa, wannan ta Diwanul Mazalim ce, tasu manhajar Mu'in.

An daɗe ana magana kan yadda za ka buɗe fayil ɗin shari'ar wani mutum. Ba ya buɗuwa don kai ƙaninsa ne, sai ya yi maka wakala, wato takardar wakilci, a hukumance. Mai son karatu kawai ya nemi hukunce-hukuncen da ma'aikatar ke wallafawa, musamman na kasuwanci.

Ni abin da na riƙe: wa'adin ɗaukaka ƙara galibi kwana 30 ne, kuma komai da Larabci yake. Nemi mai karanta maka tun ranar farko.