Zan kai Baba ziyara Fas kuma ina son in tuƙa mota da kaina, waɗanda suka taɓa yi su taimaka

Ɗan Tudun Wada, Gusau:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara da shekaru Baba na faɗin yana son ya ga Fas kafin ƙasa ta rufe masa ido, ya tsaya gaban kabarin Shehu Ahmadu Tijjani ya yi addu'a. Bana Allah Ya hore, na ƙudura kai shi bayan babbar salla, ni da shi da maiɗakina, kwana 10. Mun fara neman bizar Maroko. Abin da ke raina shi ne mu sauka Kasablanka, in ɗauki hayar mota a filin jirgi, mu bi ta Rabat zuwa Fas, daga nan mu gangara Marrakesh. Ba na son manyan otal, na fi son ƙananan gidajen baƙin nan da suke ce wa riyad, masu ba da makwanci da karin kumallo. Sai dai ban taɓa riƙe sitiyari a wajen Najeriya ba, iyakacina Gusau zuwa Funtuwa, Zariya, Kaduna, Abuja. Baba shekararsa 74, kuma gwiwa na damunsa. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Alhajin Ƙaura:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya. Na yi irin tafiyar nan, kuma abu na farko da zai kwantar maka da hankali shi ne hannun dama suke bi kamar mu, ba irin na Ingila ba. Babbar hanyar Kasablanka zuwa Fas kusan kilomita 300 ce, shimfiɗaɗɗiya, ba rami ko ɗaya, ana biyan kuɗin tolget, iyakar gudu 120. Wanda ya saba da hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, wannan hutu ce a gare shi.

Inda na sha wuya tun ban tayar da mota ba ne. Na biya kuɗin haya ta intanet tun ina gida, na ɗauka shi ke nan. Da na isa kantarsu sai yarinyar ta ce a kawo kati su riƙe kuɗin ajiya, ko da wani abu zai sami motar. Na miƙa katin naira, ya ƙi. Na fito da dala tsaba, ta ce ba su karɓa. Awa biyu muna tsaye da kaya, uwargida ta zauna kan akwati, har sai da na yarda na sayi cikakken inshora mai tsada kafin su ba ni makulli. Ka je da katin dala mai sunanka, kai direba, kuma ka rubuta musu tun kana Gusau ka tambayi irin katin da suke karɓa da nawa za su riƙe. Ka tafi da lasin naka na gida da na ƙasa da ƙasa. Yawancin motocin masu giya ne, in otomatik kake so sai ka nema da wuri ka ƙara kuɗi. Kafin ka fita, ka zagaya motar da waya kana ɗaukar bidiyo, kowane ƙarzane, har safaya da jak.

Sai shingen 'yan sanda. A bakin gari za ka ga ƙaramin allo a ƙasa. Tsayawa ake yi cak a wurin allon, sai jami'in ya yafito ka sannan ka matsa. Kuma suna ɓoye da na'urar auna gudu inda 100 ke komawa 60 ba zato. Sau ɗaya aka kama ni, laifina ne, na biya tara nan take aka rubuta mini rasit. Kada ka kuskura ka naɗe wani abu ka miƙa.

Maman Biyu, Samaru:

Yaya, ni zancen masauki zan yi, don nan ne mata da tsofaffi ke ji a jikinsu. Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga, ko kusa. Lunguna ne, wasu in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bangon nan da na can, jakai da alfadarai ke dakon kaya. Mu ba wanda ya faɗa mana. Mun isa bayan isha'i, taswirar waya tana cewa saura mita 400, ga katanga a gabanmu. Maigida ya aje mota kusa da Bab Bujlud, ƙofar nan mai shuɗin ado, muka fara jan akwatuna a kan duwatsu, yara na kuka, samari na binmu kowa na cewa shi zai nuna mana hanya. Da ƙyar muka kira mai gidan, ya turo wani dattijo da kura ya loda kayan, muka bi shi kamar makafi. Ashe da mun sanar da lokacin isowarmu, da a wurin fakin zai tarye mu.

Amma da aka buɗe ƙofar, wallahi sai na manta wahalar. Daga waje ƙofa ce ƙarama kamar ta zaure, ciki kuwa tsakar gida ce mai tayil kala-kala, ruwa na tsiyaya a tsakiya, ɗakuna sun kewaye. Da safe matar da ke girki ta kawo mana wata waina mai ƙananan huji da suke ce wa bagrir, da wani abin da suke ce wa msemen, wato wani fanke mai faɗi da ake soyawa a tanda, ga zuma, man zaitun, ƙwai, da shayi mai na'ana'a da take zubawa daga sama har ya yi kumfa. Ta lura ƙaramata ba ta cin zaitun, washegari ba ta sa mata ba. Wannan ba za ka same shi a otal ba.

Abin da zan roƙe ka saboda Baba: matakalar gidajen nan ƙunci ne da su, ga tsayi, kuma galibi ba lifta. Ka nemi ɗakin ƙasa, su rubuta maka sun amince. Ka tambaya ko a tsakar gida ake karin kumallo ko a saman soro. Da yake lokacin zafi za ku, ka tabbatar akwai na'urar sanyaya ɗaki. Ku riƙe takardar aure, a gida ɗaya an tambaye mu. Sannan akwai ɗan harajin kwana da ake biya a hannu, ka tanadi canjin dirhami.

Malamin Mafara:

Ni dai ban goyi bayan motar ba, ka yi haƙuri. Sau biyu ina zuwa ziyara, duk a jirgin ƙasa, awa huɗu ko ƙasa da haka daga Kasablanka, kana zaune kana lazimi. Me za ka yi da motar da za ta kwana huɗu a fakin kana biyan haya kana biyan mai gadi? Kuma mai tuƙi hankalinsa na kan alluna, ba ya kan mahaifinsa.

In don Baba ne, ka nemi masauki ta wajen dandalin Rasif. Tasi na kaiwa har can, kuma daga nan zawiyar Shehu da masallacin Ƙarawiyyin ba nisa. Bab Bujlud a sama take, gangarowa da sauƙi, komawa ce aiki ga mai ciwon gwiwa. Shehu ya rasu a Fas a 1815, nan cikin zawiyar aka rufe shi, kuma za ka tarar da 'yan Senegal, Mali, Najeriya, Hausa ma za ka ji. Ku yi ƙoƙari Juma'a ta riske ku a can saboda zikirin yamma. Wani abin da ya sa ni hawaye: bayan magariba a masallatansu ana karanta hizifi guda a tare da murya ɗaya, kuma da Warshu, irin karatun da muka yi a makarantar allo. Baba zai bi su baki da baki.

Direban Tsafe:

Ƙari kaɗan. Ka tambaya motar fetur take sha ko dizal, don da yawa na dizal ne, kuma a famfo da Faransanci ake rubutawa. Abokin tafiyata saura ƙiris ya ɗura ba daidai ba, mai gidan man ne ya tare shi. A shataletale kuma ka bi a hankali, masu babura ba su jira.

Alhajin Ƙaura:

Malam, maganarka gaskiya ce a cikin Fas, amma mota ta yi mana rana a waje. Mun hau Ifran, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, gari a kan duwatsu mai sanyi inda ƙanƙara ke sauka da hunturu, muka ga birai a dajin da ke gaba da shi. Duk inda salla ta kama mu sai mu tsaya, duk inda tsohuwa ta gaji sai mu huta. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne Fas zuwa Marrakesh a yini ɗaya da dattijo, ta haura kilomita 500. Mun yi, mun isa kowa ƙafarsa a kumbure.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:

Allah Ya saka da alheri, kun buɗe mini ido. Na karanta wa Baba duka, da na zo wurin Warshu sai ya ce in maimaita. Na cire Marrakesh. Za mu hau jirgin ƙasa zuwa Fas kamar yadda Malam ya ce, mu yi kwana biyar kusa da Rasif har mu sami Juma'a, sannan in ɗauki mota a can na kwana uku mu ga Ifran da birnin Maknas, in mayar da ita Kasablanka ranar dawowa. Gobe zan shiga banki kan zancen katin dala. Alhaji, in aka ɗauki mota a wani gari aka aje ta a wani, ana ƙara kuɗi? Hajiya Maman Biyu, maiɗakina na tambaya ko gidan da kuka sauka na barin baƙo ya shiga kicin, don Baba ba ya karyawa sai da kunu, kuma ta ce da garinta za ta tafi.