Na'urar sauraro ta ɓace wa wayata bayan ɗaukewar wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka mini.

Ina zaune a Unguwar Rimi. Na haɗa wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi 4 da manhajar kunna sauti ta Volumio, na jona ta da tsohuwar amfilifayar falo, domin Baba ya riƙa sauraron karatun Alƙur'ani da tafsiri ba tare da ya riƙe waya ba. Sati biyu komai lafiya lau, ina buɗe shafin na'urar, wato volumio.local, a wayata in zaɓi abin da za a saka.

Shekaranjiya aka ɗauke wuta ana tsakiyar Suratul Kahfi. Da aka dawo da ita, jan fitilar na'urar ya kama, koren yana ƙiftawa, amma wayata ta daina ganinta kwata-kwata. Na kashe rauta (mai raba Wi-Fi a gida) na kunna, na canja caja zuwa mai 5V 3A, shiru.

Zargina biyu ne. Ko dai rautar ta ba na'urar sabon adireshin IP (lambar da ake gane ta da ita a Wi-Fi), ko kuma katin memori ya lalace da wutar ta yanke. Ta yaya zan gane wanne ne kafin in goge katin? Baba tun jiya yake tambayata, "Yaro, ina Malam ya shiga?"