Wace wuƙa ce ta dace da zaman daji, ba tare da ta cinye aljihu ba?

Manomin Tiga:
Slm jama'a. Dan Allah shawara nake nema wurin masana. Ina da 'yar gona gefen dam ɗin Tiga, da damina sai in yi kwana uku huɗu can ban dawo gida ba, to wuƙa nake so wadda ba a naɗewa, mai kube, ta yankan igiya da feƙe turke da gyaran kifi, wani lokacin a fiɗe ɗan akuya. Bara na sayi wata a kasuwa, doguwa mai ƙyalli kamar madubi, bayanta da haƙora irin na zarto, har da kamfas mai nuna gabas da yamma a gindin ƙotar, wlh ni kaina da na rataya ta sai da na ji na zama wani abu. Sati biyu kacal. Ina tsaga ɗan icen girki ruwan wuƙar ya fita daga ƙotar ya bar ni riƙe da roba, ashe wani ɗan guntun ƙusa ne ya haɗa su. Yanzu wacce zan saya? Kuɗina ba su da yawa.

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai ƙyallin ne ya cuce ka. Duk wuƙar da aka cika wa ado, a adon kuɗinka suka tafi. Ka je maƙera, ka ce a ƙera maka daga sifirin ɗin mota, irin falle-fallen nan na ƙarƙashin a-kori-kura, ƙarfe ne mai jure duka baya saurin karyewa. Ka tsaya kai da fata ƙarfen ya ratsa ƙotar tun daga sama har gindi, a ɗora katako gefe da gefe a buga ƙusa biyu ko uku, yadda za ka riƙa ganin ƙarfen ta tsakiya. Wannan ko kan guduma ta sha ba za ta rabu ba.

Amma fa ba kowane maƙeri ba, nan ne ake faɗuwa. Aikin duk yana wajen wuta. In ƙarfen ya yi ja aka tsoma shi a mai ko ruwa sai ya yi tauri, to taurin nan ya yi yawa, kamar gilashi yake, dole a sake ɗumama shi kaɗan har bakin ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa. Wani don sauri sai ya tsallake wannan, kana sara ƙashi bakin ya ɓantare. Wani kuma taurin ne bai kai ba, ka wasa da safe kafin azahar ta dakushe. Ka tafi da magagari a aljihu, ka goga a bakin: in yana zamewa da ƙyar yake kamawa ta yi, in yana cin ƙarfen kamar sabulu ka ajiye masa kayansa.

Ɗalibi_a_Turai:
Baba ya gama magana, sai dai ni zan ƙara da Mora, in kana da wanda zai taho maka da ita. A garin Mora na ƙasar Suwidin ake yinta, tun 1891 suna wannan sana'a. Wadda ake kira Companion ruwanta santimita 10 ne da ɗan ɗori, ƙotar roba mai kama hannu ko da ya jiƙe, kuben ma roba ne, kuma kuɗinta wajen dala 20 ne a can, kafin kuɗin kawowa da canji su yi nasu aikin. Kala biyu ce, akwai ta baƙin ƙarfe akwai wadda bata tsatsa, tunda bakin ruwa kake kuma da kifi ni ta biyun zan ce. Abin da ya fi burge ni wasa ta, bakin faffaɗan gangare ɗaya ne, ka kwantar da shi a kan dutse ka goga shikenan, ko yaro zai iya.

Tsohon Maharbi:
Ita wannan ƙarfenta ya ratsa har gindi?

Ɗalibi_a_Turai:
A'a Baba gaskiya bai kai ba, yana tsayawa ne wajen kashi uku cikin huɗu na ƙotar, kuma siririya ce. Ta yanka ce da feƙe, ba ta sara ba.

Mahaucin Unguwa:
Hhh to ai kun zo wurin. Malam manomi laifin wuƙarka rabi ne, rabin naka ne, wa ya ce maka ana faskare da wuƙa? Adda fa, gatari fa? Mu da muke wuni da wuƙa a hannu, wadda muke fiɗa da ita bata wuce tsawon tafin hannu da kaɗan ba, doguwa sai dai ta huda maka fata ko ta fasa tumbi ta ɓata nama. Ka sayi ƙarama mai kyau ka haɗa da addar gona, su biyun ba za su kai kuɗin waccan mai kamfas ba na tabbata. Sannan ka kiyayi masu zanen ruwa-ruwa da ake tallatawa a intanet wai Damaskas a farashin banza, yawanci hoto ne kawai.

Manomin Tiga:
Na karɓi laifina yallaɓai 😂 Maƙera zan fara zuwa ranar kasuwa. To tsatsa fa Baba? Can ko wayata sai ta yi gumi da asuba.

Tsohon Maharbi:
Ka gama aiki ka wanke ka goge ta bushe ƙarau, ka shafa mata man gyaɗa ko man kaɗanya, kar ka sa baƙin mai tunda abinci za ta taɓa. In ta yi duhu-duhu da kanta ka ƙyale, wannan ba illa bane, jar tsatsa ce ake kankarewa da toka. Kube ka kai wa dukawa su ɗinka daidai ita, ya kama ta yadda ko ka kifa ba za ta zame ba, amma in ya jiƙe kar ta kwana a ciki, fata na riƙe laima. Kuma a hanya ka sa ta cikin buhu tare da fartanya da lauje, kar ka soke ta a ƙugu kana wuce shingen jami'an tsaro a wannan zamanin.