Kuɗin unguwa: mu zuba wa motar 'yan sanda mai ko mu ƙara 'yan sintiri?

Mai Shagon Caji:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema don maganar nan ta kusa raba kan kwamitin unguwarmu a nan Kano. Wata biyu kenan masu ƙwacen waya sun hana mu sakat, satin da ya wuce ƙanina suka tare a bakin lungu bayan isha'i, su uku a adaidaita, suka ɗora masa wuƙa a wuya ya miƙa waya, Allah ya taƙaita ba su yanke shi ba. Mun kira caji ofis nan take, wanda ya ɗaga yace mota ɗaya ce ke tashi kuma ta tafi wajen faɗan daba a wata unguwa, ɗayar babu taya. Na ɗauka zance ne kawai, da safe da muka je wlh na ganta da idona a kan bulo, har akuya na kwance a ƙarƙashinta tana tuƙa.

Toh yanzu muna haɗa N1,000 kowane gida duk wata, masu biya ba su wuce gida 70 ba. Dattawa sunce a riƙa zuba wa motar 'yan sanda mai su dinga leƙo mu da dare, matasa sunce a'a a ƙara 'yan sintiri a saya musu fitila da usur. Ni abin da ya ɗaure min kai, wai ba gwamnati ke ba su kuɗin mai ba ne? Wanne ya fi?

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ƙara tsarewa, a gaida ƙanin naka. Na yi shekara 35 da kaki kafin na ajiye, bari na gaya maka yadda abin yake. 'Yan sanda na tarayya ne, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya ce a ƙasar nan, don haka kuɗin daga Abuja yake tasowa. Kaso mafi tsoka na kasafin albashi ne ke cinye shi, ɗan abin da ya rage na gudanarwa sai ya bi ta hedikwata, ya sauko jiha, kafin ya iso hannun DPO ya zama kamar an ɗiga ruwa a rairayi. Kuma da shi za a sayi mai, a gyara mota, a ciyar da na cikin sel, a kai masu laifi kotu, wani lokacin har takardar da za a rubuta bayaninka. Sannan ka tuna kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai N200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura N1,000.

To mai mota ɗaya dole ya zaɓa. Inda aka zubar da jini ko ake fashi ko 'yan daba suka fito can zai fara turawa, wayar da aka riga aka gudu da ita tana ƙarshen layi, ba don ba ta da muhimmanci ba. In za ku taimaka kar ku ba kowa kuɗi a hannu. Ku je da mai unguwa ku zauna da DPO, ku bi ta kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a wato PCRC, ku biya a gidan mai kai tsaye, a ajiye littafi duk daren da suka zo a sa hannu.

Ɗan Gwagwarmaya:
Baba sufeto Allah ya ƙara girma amma gsky ni ban yarda ba. Babu kuɗi babu kuɗi, amma in ɗan siyasa zai je ɗaurin aure Hilux biyu ke bin sa da jiniya cike da 'yan sandan mobayil, su wannan man daga rijiya suke ɗibowa? Mike Okiro da bakinsa lokacin yana shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda ya faɗa a 2018 cewa sama da 150,000 suna gadin manya ne, a rundunar da gaba ɗayanta ake cewa wajen 370,000 ne, kuma sau nawa ana sanar da cewa an janye su, kwana kaɗan ka gansu sun koma riƙe wa hajiya jaka. An yi dokar asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019 da ta ce a riƙa yankar kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin tarayya, a 2020 Buhari ya amince da biliyan 13.3 don 'yan sandan al'umma, gwamnoni ga kuɗin tsaro da ba wanda ke bin ba'asinsa, duk wannan sai mai shayi da mai caji ne za su sayi mai? Kuma ku lura, ranar da kuka fara biya motar ta zama ta mai biya, gobe unguwar masu kuɗi ta ninka naku shikenan kun koma kallo, unguwar da ba ta da ko sisi kuma fa?

Malamar Islamiyya:
Ni dai ƙannena kuna ta maganar dare, mu mata abin da ke damunmu tsakanin magariba da isha'i ne lokacin da yara ke tashi daga makaranta, da kuma asuba in masu kai niƙa da 'yan kasuwa sun fito. Motar da za ta zo ƙarfe ɗaya ta haska fitila ta wuce me ta tsare? A layinmu abin da ya yi mana magani fitilar sola guda huɗu ne da muka sa a lungunan da suka fi duhu, sai wani kango da ake shaye-shaye a ciki, mai unguwa ya nemo mai shi aka toshe ƙofar. 'Yan sintiri kuma a yi hattara wajen ɗauka, in ba a tantance ba sai ka ba ɗan daba gora da usur ka ce ya yi gadinka. Mu an taɓa jibgar wani almajiri har ya kwanta asibiti a kan wayar da daga baya aka ganta a ƙarƙashin katifa.

Bakatsine:
Mu a nan Dikko Raɗɗa ya kafa dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ma Dauda Lawal ya ƙaddamar da askarawa a farkon 2024, Legas kuwa tun 2007 suke da asusun tsaro da kamfanoni ke zubawa ana saya wa 'yan sanda motoci. Kawai a ba jihohi 'yan sandansu a huta.

Tsohon Sufeto:
Bakatsine ka tambayi kakanka yadda 'yan doka na En'e suka yi da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU kafin soja su haɗe su da na tarayya. Ba na ce kar a yi ba, amma jihar da ke jan ƙafa wajen biyan fansho ka tambaye ta da me za ta biya mai riƙe da bindiga. Ɗan Gwagwarmaya kuma maganarka ta gadin manya gaskiya ce, ni kaina na yi shekara biyu a ƙofar wani gida ina buɗe get.

Mai Shagon Caji:
Na gode kwarai jama'a. Jiya bayan isha'i mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa na karanta musu amsoshinku, an ɗan yi hayaniya amma an tsaya a kan kuɗin wata biyu na farko a sayi sola, 'yan sintiri huɗun da muke da su a mayar da aikinsu daga magariba, ba za a ƙara kowa ba sai liman da mai unguwa sun san gidansu. Maganar mai an ajiye sai mun ga DPO ranar Asabar. Baba sufeto dan Allah littafin nan da kace, a wajen wa ya kamata ya zauna, mu ko su? Don ma'ajinmu yace shi ba zai iya tsayar da ɗan sanda ƙarfe biyun dare yace masa sa hannu ba.