Ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki: shawarwarin da aka tattara a Makka

A zaman da ’yan’uwa mazauna Makka suka yi kan shanyewar ɓarin jiki, abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne dalilin da ya sa ta fi yi wa mai ciwon suga illa. Ma’aikatan lafiya da ke wurin sun bayyana cewa idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, ƙwaƙwalwa na rasa iskar oksijin. Sa’ad da jini ya dawo, sai wasu ƙwayoyin sinadari masu lahani su yawaita, su riƙa cin bangon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Yawan suga a jini yana ƙara rura wannan ɓarna.

Shi ya sa a asibiti ake ba da insulin, allurar rage suga, a riƙe suga tsakanin 140 da 180 a ma’aunin mg/dL. Amma an ja kunne sosai: kada kowa ya yi wa majinyaci allurar a gida. Faɗuwar suga ƙasa da 70 ita ma tana cutar da ƙwaƙwalwa, har takan yi kama da shanyewar. A auna suga tukuna.

Da an ga baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a kira 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya, nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini yawanci cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi. Kada a ɗura wa majinyacin komai, ko da zamzam ne, don yana iya shaƙewa. Wannan ce shawarar da na fi so iyayenmu mata su ji.

Ƙwayoyin bitamin kuwa, an ce ba sa maye gurbin maganin hawan jini da na suga.